Jirin Madubin Farfesa

Tun yana yaro ake kiransa Gidan-gaba, kuma ba don girma ba. Mahaifinsa direban babbar mota ne da ya ƙarar da ƙuruciyarsa a kan kwalta, amma Allah da ikonsa ya ba shi ɗan da ba ya iya zama a bayan mota ba tare da ya dawo da abin da ya ci ba. In an ɗora shi gaba yana kallon hanya, da sauƙi. In shi ke tuƙi kuwa, lafiya lau, ko bangon duniya ne sai ya kai. Sunan ya bi shi makaranta, ya bi shi jami'a, har ya zama likita, ana ce masa Dokta a gaban marasa lafiya, in sun ba da baya a koma wa tsohon suna.

Da lokacin zaɓen fannin ƙwarewa ya zo, abokansa suka watse, wasu tiyata, wasu ciwon zuciya, wasu yara. Shi fatoloji yake so, fannin likitocin da mara lafiya ba ya taɓa ganin fuskarsu. A yanko tsoka a ɗakin tiyata, a kawo musu a kwalba, su daskarar da ita cikin kaki irin na kyandir, su yanka ta fi ɓawon albasa siranta, su rina ta, su ɗora a ɗan gilashi, su duba ta a madubin likita mai ƙara girman abu, sannan su faɗi ko ciwon daji ne ko ba shi ba. Gidan-gaba yana iya wuni a kan madubi shi kaɗai bai san rana ta yi ba. A duk aikin likita babu inda ransa ke kwanciya kamar nan.

Doka ta ce mutum wuri ɗaya zai nema a shekara, in ya rasa sai baɗi. Wurare biyu ne suka dace da shi. Ɗaya babban asibitin garinsu, inda wata Farfesa ke ɗaukar mutum ɗaya tak kowace shekara. Ɗayan yana can wani gari mai nisan wuni a mota, suna ɗaukar mutane da dama, kuma an ce kowa da allonsa na kwamfuta da yake duba hoton gilashi a kai.

Da shi kaɗai ne, da bai tsaya dogon tunani ba. Amma akwai Baba. Tun da ɓarin jikinsa na dama ya shanye, tsohon direban ya ƙi yarda kowa ya yi masa wanka ko aski sai wannan ɗan nasa. An kawo mai jinya, ya kore shi da sanda. Ƙanen Gidan-gaba ya gwada, Baba ya juya fuska bango ya ƙi cin abinci. Mutumin da ya saba ba da umarni daga saman mota, yanzu mutum ɗaya kawai ya yarda ya ga tsiraicinsa.

Ranar da zai cika takardar neman a intanet, matarsa, wadda yake kira Malama saboda koyarwa take yi, ta tsaya a bayansa da littattafan ɗalibai a hannu.

"Kai fa kake ta jujjuya abin nan kamar akwai zaɓi," ta ce. "Za ka ɗauki Baba a kai ka tafi da shi ne?"

"Ina dai dubawa ne."

"Duba me? Danna na nan mu huta."

Ya danna na nan. Ya ji wani sanyi a ransa, don a ganinsa magana ta ƙare: shi ya fi kowa ido a ajinsu, kowa ya san haka.

Al'adar sashen Farfesa ita ce duk mai neman gurbi ya zo ya yi wata guda tare da su kafin intabiyu, a ga kamun ludayinsa. Su biyu ne bana: shi da wani tsohon ɗan ajinsu da ake kira Aku, saboda duk abin da malami ya faɗa sai ya maimaita ƙarshensa yana gyaɗa kai.

Safiyar farko aka shigar da su wani ɗaki mai warin tsohon kofi da fomalin, maganin da ke hana tsoka ruɓewa. A tsakiya akwai dogon tebur, a kansa madubi guda mai rassa, kowane reshe da nasa wurin sa ido, ta yadda mutane da yawa za su ga gilashi ɗaya lokaci ɗaya. Amma abin murzawar da ke motsa gilashin ɗaya ne, yana gaban kujerar Farfesa. A sashen, tuƙi suke ce wa wannan aiki, kuma babu wanda ya taɓa ganin wani ya yi tuƙi a teburin nan ban da ita.

Farfesa gajeriyar mace ce mai furfura a gira, ba ta gaisuwa sau biyu. Ta ɗora gilashi, kowa ya sunkuya. Gidan-gaba ya sa ido, ya ga launin ja da shuɗi sun cika masa duniya, ya ji daɗi. Sai ta fara tuƙi.

Wayyo! Matar nan ba ta san birki ba. Ta zarce dama, ta dawo hagu, ta nutsa ciki, ta fito, duk tana magana. Kafin ta sauke gilashi na uku, yawu ya cika masa baki, gumi mai sanyi ya tsatso masa a ƙeya. Ya san wannan baƙon sarai. Shi ne dai na bayan motar Baba, ya biyo shi har cikin farar riga. Ya daure iya daurewa, sannan ya miƙe ya ce a gafarce shi, ya nufi banɗaki da sassarfa.

Da ya dawo, Aku ya raɗa masa, "Warin fomalin ne, za ka saba."

Bai gyara masa ba. Ya gwammace a ce wari ne.

A gida Malama ta yi dariya har ta ajiye jan biro.

"To, Allah ya sauke ka lafiya! Wata nawa ne?"

"Ba abin dariya ba ne."

"Na sani. Ka je ka gaya wa matar nan gaskiya mana. Likita ce, ba dodo ba."

"In ce mata me? Ina neman aikin madubi amma madubi na sa ni amai? Kamar mai neman aikin gadi ya ce yana tsoron duhu."

"Amma ai in kai ke riƙe da shi ba ya yi maka."

"Ba a riƙe mata. Ba ki san wurin ba ne."

Ta kaɗa kai ta ce wanzami dai ba ya son jarfa, ta koma kan littattafanta.

Ya shiga neman magani a ɓoye, kamar ba shi ne ke yi wa marasa lafiya faɗa kan haka ba. Ya tauna citta har harshensa ya mutu. Ya zo ba karin kumallo, abin ya ƙaru. Ya zo da ciki cike, wannan kam ba a ba da labarinsa. Ya gwada rufe ido ɗaya. Ya gwada kallon bango duk lokacin da take motsa gilashin, ya dawo in ta tsaya. Da dabarar ta yi aiki, da a ce Farfesa tana tsayawa.

"Likita, me muka wuce yanzu a gefen hagu?"

Kafin ya dawo da idonsa daga bango, wurin ya wuce.

"Ƙwayoyin kumburi ne," in ji ta.

"Kumburi ne," in ji Aku, yana gyaɗa kai.

A mako na biyu ya koma ga ƙwayar hana amai, irin wadda matafiya ke sha. Ta yi aiki, har ya fara murna. Cikinsa ya kwanta, hoton yana gudu bai dame shi ba, muryar Farfesa ta yi nisa, ta yi daɗi. Abin da ya sani na gaba shi ne goshinsa ya bugi ƙarfen madubin, reshen ya girgiza, kowa ya ɗago.

Farfesa ta dube shi ta saman tabarau.

"A tashi likita, a ce masa mun iso tasha."

Aka yi dariya irin ta ƙananan ma'aikata in babba ya yi barkwanci. Gidan-gaba ya ji kamar ƙasa ta tsage. An gudu ba a tsira ba: da ana ce masa mai raunin ciki, yanzu ya zama mai barci a gaban malama.

Abin da ya fi ci masa rai shi ne, da rana, in aka ba su tiren gilasai kowa ya je ya duba shi kaɗai, babu abin da ke wuce shi. Yana ɗiga alamar tawada a daidai inda ciwo yake, ya rubuta abin da ya gani. Amma washegari da safe in Farfesa ta tambaye shi a kan gilashin da shi ya yi wa alama, yana can yana kokawa da maƙogwaronsa, sai ya yi ta in'ina. Har ta taɓa tambayarsa ko wani ke yi masa aikin. Ranar ya fito ya zauna cikin motarsa, ya daki sitiyari da tafin hannu har ƙaho ya yi ƙara. Haushin kansa yake ji, da haushin matar, da haushin kunnen ciki mai jawo jiri da Allah ya ba shi wanda bai san bambancin mota da tebur ba.

Kullum da sassafe kuma yana durƙushe gaban Baba da kwanon ruwan ɗumi da reza. Baba ba ya iya doguwar magana yanzu, kalma ɗaya ko biyu yake jefowa ta gefen baki.

"Aiki?"

"Lafiya lau, Baba."

Ranar intabiyu ta zo. Dole ya fita tun kafin lokacin wankan Baba, ya bar wa ƙanensa amana, yana ji tsohon yana buga sanda a ƙasa. Malama ta raka shi bakin ƙofa tana gyara masa wuyan riga.

"Ka sha ƙwayar?"

"A'a."

"To me za ka yi?"

"Ban sani ba."

"Ranar wanka dai ba a ɓoyon cibi," ta ce, ta tura shi waje.

Mutum uku ne a teburin: Farfesa, da wakilin hukumar asibiti da ke ta duba wayarsa, da wani dattijon likita da aka gayyato daga wata jami'a don ya sa ido a kan jarrabawar. Aka yi tambayoyin baki, Gidan-gaba ya amsa su tsaf. Sannan Farfesa ta ɗauko gilashi ta ce kaluluwar hammatar wata mata ce da aka yi wa tiyatar nono, ana son a san ko ciwon ya kai can. Ta kai hannu ga abin murzawa.

"Ranki ya daɗe, ina da roƙo."

Hannunta ya tsaya.

Ya faɗa duka, a tsaye. Ya ce ba wari ba ne, ba lalaci ba ne, jiri ne irin na mota, yana kama shi in wani ke motsa hoton. Ya ce barcin nan magani ne ya sha. Ya ce in za a bar shi ya yi tuƙi da kansa, gilashi ɗaya kawai, za a ga abin da ya iya.

Wakilin hukuma ma ya ɗago daga wayarsa. Fuskar Farfesa ta ɗaure.

"Ba haka muke yi a nan ba."

Dattijon baƙon ya yi dariya. "Haba Farfesa, ai wannan roƙo ne mai sauƙi. A wurinmu ma ɗalibi ke tuƙi a jarrabawa. Ba shi mu gani."

A gaban baƙo ba ta da hujjar ƙi. Ta tashi a hankali, ta koma ɗaya daga rassan, ta zauna a kujerar da ɗalibai ke zama.

Da yatsunsa suka kama abin murzawar, komai ya dawo masa. Ya fara daga gefe, ya zagaye kaluluwar, ya tsallaka tsakiya, ya dawo. Wata guda yana jin yunwar wannan, don haka bai yi a hankali ba. Ya bi layi-layi da gudu, ya nutsa, ya fito, ya sake nutsawa, yana faɗin abin da yake gani ba tare da ya yi tuntuɓe ba. A can ƙarƙashin fatar kaluluwar, a wani lungu da ido zai iya tsallakewa, ya ga wasu 'yan ƙwayoyi sun dunƙule, manya, baƙaƙen ciki, ba 'yan gida ba.

"Ga su nan. Ciwon ya iso."

"Madalla!" in ji baƙon. "Sake fita ka nuna mana inda suke."

Ya fita, ya zagaya, ya dawo kansu. Sannan ya ɗago yana murmushi, yana neman idon Farfesa.

Idonta a rufe yake. Fuskarta ta yi toka-toka, gumi ya jeru a saman leɓenta, hannunta ɗaya ya damƙe bakin tebur. Ta miƙe, kujerar ta faɗi, ta nufi wurin wanke hannu da ke kusurwar ɗakin da tafin hannu a baki. Da ƙyar ta kai.

Babu wanda ya motsa. Ƙarar famfo kawai ake ji. Wakilin hukuma ya tambaya ko a kira likita, a ɗakin da kowa likita ne. Gidan-gaba kuwa ba ya bukatar a yi masa bayani. Ya san wannan gumin, ya san wannan damƙar tebur. Ashe shekarun nan duka da ake cewa Farfesa ba ta ba da tuƙi saboda isa, ba isa ba ce.

Da la'asar ta sa aka kira shi ofishinta. Ta sake ɗaurin kallabi, ta koma yadda take, sai dai kofin ruwa a gabanta. Ba ta ce ya zauna ba.

"Idonka ya fi na abokinka nesa ba kusa ba," ta ce. "Ba zan ɗauke ka ba."

Ya matso kusa da teburin.

"Ranki ya daɗe, ban san cewa ke ma..."

"Ba wanda ya sani. Yanzu mutum uku sun sani, har da wakilin hukumar nan da ba ya iya riƙe bakinsa."

"A yi haƙuri. Wallahi da na sani da na bi a hankali."

"Ba gudunka ba ne. Ko tafiyar hawainiya ka yi, haka zai yi min. Tun kafin a haife ka nake fama da shi."

"To ai sai in riƙa dubawa ni kaɗai, in kawo miki abin da na gani, ke ma ki duba ke kaɗai."

"Wannan ba koyarwa ba ce, aike ne. Koyarwa ita ce ka ga inda idona ya bi, ka ga abin da na tsallake da abin da na tsaya a kai, kullum, shekara da shekaru. Kai ba za ka iya zama bayana ba, ni ba zan iya zama bayanka ba. In ɗauke ka in yi me da kai? In zuba ido kana shan ƙwaya kana gyangyaɗi har ka gama?"

"Mahaifina ba shi da lafiya. Shi ya sa na zaɓi nan. Ba ni da wani wurin."

Ta juya kofin a kan tebur.

"Allah ya ba shi lafiya. Wancan asibitin kowa da allonsa, kowa ke jan hotonsa. Can ne wurinka. Zan kira shugabansu da kaina."

"Sun rufe ɗauka bana."

"To baɗi."

Ta jawo tiren gilasai gabanta, alamar an gama. Har ya kai ƙofa bai san ko gaskiyar koyarwa ce ta hana shi gurbin ba, ko kunyar abin da ya gani a kusurwar ɗaki. Wataƙila ita ma ba ta sani ba. A baranda ya ci karo da Aku ana taya shi murna, ya miƙa masa hannu, ya ce Allah ya sanya alheri, kalmomin suna masa ɗaci a baki.

Malama ta ga fuskarsa tun daga bakin ƙofa, ba ta tambaya ba. Ta karɓi jakarsa ta ce, "Baba bai yarda an taɓa shi ba tun safe. Yana nan yadda ka bar shi."

Ya cire farar riga, ya ɗora ruwa, ya ɗauko sabulu da reza. Baba yana zaune a bakin gado cikin rigar jiya, gemu ya tsiro masa fari-fari. Gidan-gaba ya durƙusa ya fara shafa masa kumfa.

"Sun ɗauka?"

"A'a, Baba."

Tsohon ya dube shi da idon nan da bai shanye ba.

"Can?" Asibitin garin nan mai nisa yake nufi.

Ya so ya ce a'a, ya so ya ce ya fasa fannin gaba ɗaya, zai nemi wani abu a nan kusa. Bakinsa ya ƙi yi masa ƙaryar.

"Can ne, Baba. Baɗi. Amma ba lallai ba ne in..."

Baba ya ɗago hannunsa na hagu, mai lafiyar, ya buɗe tafin.

"Kawo."

"Me, Baba?"

"Reza. In koya."

Ya miƙa masa. Hannun da bai taɓa riƙe reza ba ya ɗaga, ya sauka a kumatu a karkace, ya ja. Jini ya ɗan fito ya bi cikin kumfa. Gidan-gaba ya kai hannu zai karɓa, Baba ya ture shi da gwiwar hannu. Sai ya ɗauko ƙaramin madubin fuska daga kan taga, ya riƙe masa daidai, hawaye na bin fuskarsa bai samu hannun sharewa ba. Baba ya sake ɗora rezar ya ja.